Ɗakin Dandaƙaƙƙun Furanni

Sufeto Maik Hennig yana tsaye gaban fankar ofis, rigarsa ta manne masa a baya saboda zufa, sai wayar tebur ta yi ƙara. Saje Silke Pohl ce ta ɗauka. Ta saurara, ta ce "to", ta ajiye.

"Yallaɓai, gawa. A gonar kamomil ta Dornhain. Matar nan mai haɗa irin fure, Dakta Gudrun Welke."

"Wa ya kashe ta?"

"Mai kiran ya ce ba wanda ya kashe ta. Ya kuma ce ba yadda za a yi ta mutu a inda ta mutu."

Hennig ya suri makullin mota.

Makonni ke nan ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Gonakin kamomil, furen da ake shayin magani da shi, sun yi fari fat dama da hagu, injinan girbi suna tsefe kawunan furen, ƙamshin ya cika motar duk da gilashi a rufe yake. Hennig ya tsani ƙamshin nan. Kakarsa da shayinsa take maganin komai, daga ciwon ciki har rashin kunya.

A bayan rumbun busar da furanni akwai ɗakunan gilashi guda biyu suna kallon juna. Ma'aikata sun taru a ƙofar na dama. Hennig ya tura ƙofar ya shiga, zafi ya dake shi a fuska kamar ya leƙa tanda. Tagogin rufin duk a rufe suke. Wata babbar fanka tana ta juya iskar ciki, dubban furanni a tukwane suna rawa a hankali.

Gudrun tana kwance rub da ciki tsakanin layukan tukwanen, cikin farar rigar aiki. Da likitan 'yan sanda ya juyo ta, Hennig ya ja da baya har gwiwar hannunsa ta shiga cikin furannin. Fuskar ta kumbura, idanun sun nutse, leɓɓan sun yi shuɗi. Wuyanta duk sawun farce, nata farcen.

Ya ga aikin wuƙa, ya ga aikin bindiga. Bai taɓa ganin wanda iska ta shaƙe ba.

"Maƙogwaronta ne ya kumbura ya toshe," in ji likitan. "Jikinta ya gamu da abin da ba ya so. Kuma ba nan ta faɗi ba, duba gwiwoyinta. Rarrafe ta yi."

Hennig ya bi inda ta nufa da ido. A jikin bango kusa da ƙofa akwai wani ɗan jan akwati. Murfinsa a buɗe, cikinsa wayam.

Yana fitowa ya lura da wani abu kuma. A layin tsakiya rassa da yawa ba su da kai. An tsinke furen, bakin tsinkin ya bushe ya yi ruwan ƙasa, kamar akuya ta bi ta kansu tun tuni.

"A kulle," ya ce wa Pohl. "A ja igiya. Kada a taɓa komai, ko taga ɗaya."

"Ko taga ɗaya?"

Wata budurwa ce ta yi maganar. Idanunta sun yi ja, a hannunta akwai abin shaƙa na masu asma. Wani ma'aikaci ya raɗa wa Hennig cewa Annika ce, 'yar marigayiyar.

"Yallaɓai, in ba a buɗe rufin nan an ba su ruwa ba, kafin rana ta karkata sun dahu. Babu irinsu a ko'ina. Ba sa yin iri da kansu, da reshe muke dasa su. Aikin rayuwar mamana ke nan."

"Sai masu ɗaukar shaida sun zo."

"Yaushe?"

"Sai sun zo."

Ta dube shi kamar za ta tofa masa yawu. Tari ya sarƙe ta, ta juya ta tafi.

Wanda ya kira 'yan sanda shi ne Dakta Lutz Ritter, abokin aikin Gudrun. Dogon dattijo ne mai farin gashi. Yana zaune kan benci a inuwar ɗakin gilashin, hannayensa a kan gwiwa.

"Kai ka ce ba za ta iya mutuwa a nan ba," in ji Hennig. "Ga shi kuwa ta mutu. Fahimtar da ni."

"Ka san bununi?"

"Garin nan rawaya da fure ke zubarwa."

"Shi. Gudrun ta shaƙe shi shekara da shekaru har jikinta ya juya mata baya. Ya kai ko ta bi ta gona lokacin girbi sai an kai ta asibiti. Ɗakin nan kaɗai take iya aiki, don babu bununi a cikinsa ko ƙwaya."

"Ɗaki cike da fure, babu bununi?"

Ritter ya ɗan gyara zama. Muryarsa ta sake, kamar an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi.

"Kowane kan kamomil yana ɗauke da namiji da mace. In ka bar shi, kansa zai aura, 'ya'yan su fito yadda suka ga dama. Mu kuwa so muke mu zaɓa wa uwa miji, a samu iri mai yawan mai, mai fure lokaci ɗaya. Furen ƙanana ne, ba mai iya bin su da hantsaki. Sai dai ka dace da tsiron da namijinsa ba ya aiki. Ma'aikata dandaƙaƙƙu suke ce musu. A ɗakin nan muke renon su, in sun isa a kai su fili a haɗa da mazajen da ke wancan ɗakin." Ya ɗaga haɓa. "Ni na tsinto uwarsu ta fari, a bakin wata gona, tun zamanin tsohuwar gwamnati. Sunana take amsawa."

"Me ke cikin jan akwatin?"

"Allurarta ta gaggawa. Wataƙila ta ɗauke ta manta a gida. Gudrun akwai mantuwa."

"Rassan da aka tsinke wa kai fa?"

"Ita ke tsinka don gwaji."

"To daga ina bununin ya shigo?"

Ritter ya kalli rumbun busarwa.

"Ba na son in ɗora wa kowa. Amma muna da doka a nan. Farar riga ta ɗakin uwaye, shuɗiya ta ɗakin mazaje da gona. Mai shuɗiya ba ya ko kusantar ƙofar nan. Ka tambayi mijinta wace riga ce a jikinsa da safe."

Ya nuna rumbun da babban yatsa. Hennig ya ga farcen yatsan ya fi sauran tsawo, ya rine ya yi kore.

Mijin nata, Bernd Welke, yana cikin rumbun, inda iska mai zafi ke busar da tulin furanni. Ƙaton mutum ne, shuɗiyar rigarsa ta koma rawaya a kafaɗu. Yana riƙe da shebur amma ba ya ɗiban komai.

"Ka je ɗakin matarka yau?"

"Ban je ba. Tun fitowar rana ina nan."

"Ko sau ɗaya?"

"Na ce ban je ba!"

Pohl ta ɗaga wata leda. A ciki akwai kofin shayi mai hoton tarakta.

"Wannan a bakin ƙofarta na same shi, Malam Welke, cike da gahawa. Yaranka sun ce duk wanda ya taɓa kofin nan sai ya ji a jikinsa. Da ƙafarsa ya je can?"

Shebur ɗin ya faɗi. Bernd ya zauna kan buhu, ya rufe fuska da tafukansa.

"Ni na kashe ta," ya ce. "Gahawa na kai mata. Na manta da rigar, wallahi mantawa na yi. Ta hango ni ta gilashi, ta ɗaga murya ta ce, 'Kai tsohon jaki, dubi jikinka!' Na ajiye kofin a ƙasa na gudu. Abin da ta faɗa mini na ƙarshe ke nan."

"Ka buɗe ƙofar?"

"A'a."

"Ta fito ta ɗauka?"

"Ban tsaya ba."

Hennig ya dubi kofin. Bakinsa tsaf, ba a kurɓa ba.

"Me ya kai ta ɗakin yau da sassafe?"

Bernd ya ja hanci.

"Irin bara ne ya hana ta barci. An shuka, rabinsa ya fito kamar uwar sak, ba alamar uban. Ta ce hakan ba ya yiwuwa sai in uwar tana auren kanta a ɓoye. Kafin ta tafi taron masu magani a makon jiya ta gaya wa Lutz, a gabana, cewa ranar da ta dawo za ta bi furannin nan ɗaya bayan ɗaya da madubin ƙara girma, ko za ta wuni a ciki. Jiya ta dawo."

"Shi Lutz ɗin me ya ce?"

"Dariya ya yi. Ai shi 'yan matansa yake ce musu. Duk lokacin zafi kafin kowa ya zo yana ciki, wai yana gaishe su. Shekaru yana haka. Sai makon nan. Makon nan a kan benci nake ganinsa. Na ce masa, 'Tsoho, kun yi faɗa da 'yan matan ne?' Ko kallona bai yi ba."

Suka fito bakin rumbun. Hennig ya ɗaga hannu zai share zufa, Pohl ta kama dariya.

"Yallaɓai, yaushe ka ci tsiran alade ba ka yi tayi ba? Ga mastad nan, rawayar miyarsa, har gwiwar hannu."

Ya juya hannun rigarsa. Baƙin yadin ya yi rawaya daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ya shafa da yatsa. Gari ne mai laushi.

"A rumbun ka kwaso," in ji Pohl.

"Ban taɓa komai a rumbun ba. Dubi taki rigar."

Tata tsaf take. Ita ba ta wuce bakin ƙofar ɗakin gilashin ba.

Ya tuna lokacin da aka juyo gawar, ya ja da baya, hannunsa ya nutse cikin furannin layin tsakiya. Ba a jikin rigar kowa bununin ya shigo ba. A ɗakin aka haife shi. Kuma yana nan har yanzu, a kulle, fanka tana ta yawo da shi, bisa umarninsa.

"Ina yarinyar nan mai asma?" ya ce.

Pohl ta waiga. Daga nan ana hango ƙofar ɗakin gilashin. Igiyar 'yan sanda tana kwance a ƙasa.

Hennig bai san yana iya gudu haka ba. Tsakuwa tana tashi a bayansa, Bernd yana biye yana kiran sunan 'yarsa. A kan benci Ritter yana nan zaune yadda aka bar shi, sai dai yanzu fuskarsa tana kallon gilashin, bakinsa a buɗe.

"Ta shiga?"

"Tana da makullin uwarta," in ji Ritter.

"Ka bar ta ta shiga?"

Hennig ya wuce shi ya nufi ƙofar.

Ƙofar ta kulle kanta daga ciki. Ta gilashi Hennig ya hango Annika can ƙarshen layi, hannu ɗaya a kan ƙarfen da ke buɗe rufi, ɗayan a wuyanta. Tiyo yana zubar da ruwa a ƙasa. Ta kai abin shaƙarta baki, ta danna, ta sake dannawa. Abin ya suɓuce. Gwiwoyinta suka lanƙwashe.

Ya ɗauki wata tukunyar ƙasa ya maka wa ƙofar. Gilashi ya tarwatse. Ya kutsa ciki, ya sungume ta, ya fito da ita yana tuntuɓe da tukwane. Ya shimfiɗa ta kan ciyawa.

Leɓɓanta sun fara kumbura. Numfashinta yana fita da wani siririn fito, kowane ja ya fi na baya gajarta. Idanunta a buɗe suke, suna kan fuskarsa. Yatsunta suka fara neman wuyanta. Hennig ya riƙe su. Ya riga ya ga inda wannan hanyar take ƙarewa, da safen nan.

"Motar asibiti tana hanya!" in ji Pohl, waya a kunne. "Sun ce daga gari za ta taso."

"Ba za ta kai ba. Allura! Wa ke da allura? Bernd, a gida fa?"

"Ta gida ta lalace tun tuni, ɗaya ce ta rage, ta akwatin!" Bernd ya durƙusa yana jijjiga kafaɗarta. "Annika! 'Yar baba, ja iska, ja!"

Fiton ya tsaya. Ƙirjinta yana ɗagawa, ba abin da ke shiga.

Hennig ya ɗago kai. Ma'aikata sun yi da'ira, wasu sun toshe baki. Ritter ya taso daga benci, yana tsaye a bayansu. Hannunsa na dama yana cikin aljihun wando, ya damƙe wani abu.

"Dakta Ritter," in ji Hennig. Bai ɗaga murya ba, don ba shi da ita. "Kai ka riƙe ta a coci ranar da aka sa mata suna, ko ba haka ba? Na ji tana ce maka kawu."

Hennig bai taɓa jin ta ce haka ba. Canka kawai ya yi.

Idanun Annika suka juya, suka sauka kan dattijon.

Ritter ya yi wani sauti kamar an taka kare. Ya ture mutane, ya faɗi kan gwiwoyinsa, ya zaro hannun. Allura ce mai kama da ƙaton biro. Ya cire murfin da haƙori, ya caka mata a cinya ta kan wando, ya danne.

Ba wanda ya motsa.

Sai fiton ya dawo. Siriri, sannan ya ɗan buɗe. Ta yi tari, ta ja iska da ƙarfi, ta fashe da kuka mara sauti. Bernd ya kifa kansa a kan ciyawa.

Hennig ya zare allurar daga hannun Ritter. A jikinta an manna 'yar takardar kantin magani: Gudrun Welke. Ya miƙa wa Pohl.

"Ta manta a gida, ka ce."

Ritter ya zauna dirshan a ƙasa.

"Na kai allurar bakin rafi," ya ce. "Na kasa jefawa."

"Fara daga farko."

"Zafi ne. In zafi ya yi tsanani, namijin yana farkawa. Ba duka ba, wasu kawuna a layin tsakiya. Shekarun baya da aka fara irin wannan zafin na gani. Na ce na bana ne kawai. Sai na riƙa zuwa da sassafe ina tsinke su kafin su buɗe." Ya dubi koren farcensa. "Kowace shekara suna ƙaruwa. Na fili kuwa ba na iya bin su duka, shi ya sa irin ya lalace."

"Me ya hana ka faɗa mata?"

"In ce me? In ce abin da na tsinto, abin da ake kirana taro saboda shi, ƙarya ne? Ba ni da mata, ba ni da ɗa. Uwar furannin nan kaɗai gare ni. Gudrun ba ta iya rufa asiri ba. Da ta ga kai ɗaya mai bununi, da kafin yamma duniya ta ji."

"Sai ka daina tsinka."

"Na daina. Na bar su suka buɗe duk makon da ba ta nan. Jiya da yamma na rufe rufin, na kunna fanka, na ɗauke allurar. Na ce wa kaina ban taɓa ta ba. Ko yatsa ban ɗora mata ba."

"Kana ina lokacin da take rarrafe?"

Ritter ya kalli bencin. Tsakaninsa da gilashin bai fi taku biyu ba.

Bernd ya yunƙura zai tashi, ma'aikata biyu suka riƙe shi.

"Yarinyar fa?" in ji Hennig. "Ta wuce ta gabanka."

"Ta ce, 'Kawu, ba komai ai, ko?' In na ce kada ta shiga, za ta tambaye ni dalili." Hawaye suka gangaro masa. "Na ce mata ba komai."

Jiniyar motar asibiti ta taso daga can cikin gonaki. Pohl ta ɗaga Ritter, ta juya hannayensa baya, ankwa ta yi ƙara. Bai yi gardama ba. Da aka ɗora Annika kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka bi da ita ta gabansa, ya buɗe baki zai yi magana. Ta rufe idanunta.

A bakin motar 'yan sanda ya tirje, ya waiwaya.

"Sufeto, don Allah. Wani ya ba su ruwa. Ba laifinsu ba ne."

Hennig ya dafa kansa ya tura shi ciki, ya rufe ƙofa.

Fankar tana ta aiki a ɗakin gilashin. Ta ƙofar da ya fasa, wani siririn hayaƙi rawaya yana fitowa cikin hasken rana, yana bin iska a hankali. Mutanen da suka yi rayuwarsu cikin furen nan suka tsaya suna kallonsa. Sannan suka fara ja da baya.